Zanzaro mai farautar gizo-gizo: kafin ka goya famfon feshi, san wanda za ka kashe

Manomi, idan kana yawan zagaya gonarka da hantsi, lokacin da rana ta fara zafi, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da shi ba. Wani baƙin ƙwaro ne mai dogayen ƙafafu, ga shi kamar rina amma ba rina ba, yana sassarfa a ƙasa tsakanin kunya da kunya, yana karkaɗa fukafukai kamar wanda ya yar da kuɗi yake nema. Wani lokaci ma sai ka gan shi yana jan gizo-gizon da ya fi shi girma, yana tafiya da baya da baya. Abin da yawancinmu ke yi bai wuce biyu ba: ko mu take shi da takalmi, ko mu ce gona ta cika da ƙwari, gobe sai feshi.

To, a kan wannan ƙwaron za mu tsaya yau, domin ya shiga cikin maganar da ta fi damun manoma a 'yan shekarun nan, wato maganar feshi. Kuɗin magani ya hau, ƙwari kuma ba su ragu ba. Tun 2016 da tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a Najeriya, kuma a shekarar ce sharon ya yi wa masu tumatir na Kaduna da Kano ɓarnar da ba su manta ba, hannun manomi ya saba da famfo. Abin da ya motsa a gona, feshi. A ɗaya ɓangaren kuma hukumomi sai ƙara matsawa suke yi. Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya tun 2015 saboda ragowar maganin dichlorvos da aka samu a cikinsa, an kuma yi ta tsawaita dakatarwar. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani a kasuwanni da kantuna, a 2023 kuma ta sanar da janye paraquat da chlorpyrifos da atrazine ɗaya bayan ɗaya. Ka ga kenan lokacin feshin kan mai uwa da wabi yana ƙarewa. Manomin da zai tsira da jarinsa shi ne wanda ya iya kallon ƙwaro ya ce wannan maɓarnaci ne, wannan kuma ba ruwansa da amfanina.

Yadda za ka gane shi

Masana suna kiran danginsa Pompilidae, kuma an ƙidaya musu iri kusan 5,000 a duniya. Mu dai bari mu ce masa zanzaron gizo-gizo. Ba sai da madubin likita za ka gane shi ba, ga alamominsa:

Na farko, ƙafafu. Dogaye ne ƙwarai, musamman na baya, kuma a yawancinsu akwai 'yan ƙayoyi a jiki. Da su yake tona rami, da su yake kokawa da gizo-gizo.

Na biyu, tafiya. Ya fi son gudu a ƙasa a kan tashi sama. Zai ruga, ya tsaya cak, ya leƙa ƙarƙashin ganye ko tsagar ƙasa, fukafukai na ta rawa, sannan ya yi ɗan gajeren tashi ya sake sauka. Wannan rawar fukafukan ita ce babbar shaidarsa.

Na uku, launi. Galibi baƙi ne, wani har da sheƙin shuɗi kamar sabuwar shadda. Fukafukan wasu duhu ne kamar hayaƙi, na wasu ruwan lemo ko ja-ja. Akwai masu ɗan ja a ciki.

Na huɗu, siraran ƙahonnin nan biyu da ke kansa. Na macen sukan lanƙwashe su naɗe a ƙarshe, na namijin sun fi miƙewa.

Na biyar, shi kaɗai yake yawo. Ba shi da sarauniya, ba shi da runduna, ba shi da gidan da zai tare ka a kai. Kowace mace ita ke farautarta, ita ke haƙa raminta.

Kada ka haɗa shi da 'yan'uwansa da ka fi sani. Rina ita ce mai saƙa gida kamar takarda tana rataye shi a reshe ko a bakin rufin ɗaki, su taru da yawa, in ka taɓa gidan su yi maka ca. Ita tsutsa take kamawa ta tauna ta ciyar da 'ya'yanta, don haka aikinka take yi. Zanzaron ɗaki kuwa, mai siririn ƙugu kamar zare, wanda ke gina ɗakin laka a bango, iri-iri ne: wani ƙananan gizo-gizo yake tarawa da yawa a ɗaki guda, wani kuma tsutsotsi. Zanzaron gizo-gizo ƙa'idarsa ɗaya ce, gizo-gizo ɗaya, ƙwai ɗaya.

Abin da yake yi da gizo-gizon

Babban ba nama ne abincinsa ba. Ruwan fure yake sha, shi ya sa za ka gan shi a kan furannin ciyayin gefen gona. Farautar don ɗa ake yin ta. Macen za ta bi gizo-gizo har cikin raminsa ko ta rutsa shi a fili, ta harbe shi. Dafin ba ya kashe shi, shanye masa jiki yake yi. Yana raye, amma ba ya iya motsi. Daga nan sai ta ja shi zuwa ramin da ta tona, ko wata tsaga da ta samu, ta saka ƙwai guda a jikin cikinsa, ta toshe bakin ramin ta yi gaba abinta.

Dalilin barin sa da rai kuwa, in da ta kashe shi, cikin kwana kaɗan zai ruɓe a zafin ƙasa. Da ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar sai ta fara ci daga sassan da ba za su kashe shi nan take ba, ta bar muhimman sai ƙarshe. In ta ƙoshi ta saƙa wa kanta kwanso, ta kwanta a ciki, har ranar da za ta fito cikakken zanzaro. Wani abin mamaki, uwar ce ke zaɓar jinsin ɗan: a kan babban gizo-gizo takan saka ƙwan da zai zama mace, a kan ƙarami kuma wanda zai zama namiji.

Ba duka ne ke tona rami ba. Akwai wani rukuni, irin su Auplopus, da ke cire wa gizo-gizon ƙafafu don ya yi sauƙin ɗauka, su gina masa ɗan tulun laka. Akwai kuma waɗanda ba sa ma ɗauke shi, a gidansa suke samun sa su saka masa ƙwai su tafi.

Su ci-ma-zaune a cikin dangi

Ga inda labarin ya fi daɗi. A cikin wannan dangi akwai waɗanda suka daina wahalar farauta kwata-kwata, sai dai su ci gumin 'yan'uwansu. Mafi shahara su ne Ceropales. Macensu takan laɓe tana kallon wata mai farauta tana fama da jan gizo-gizonta. Da ta ga an ajiye kaya an je duba rami, ko ma ana cikin ja, sai ta faɗa kan gizo-gizon, ta cusa ƙwanta cikin tsagar numfashin da ke ƙarƙashin cikinsa, inda ido ba ya gani, ta gudu. Mai kaya ba ta san an yi ba. Za ta binne gizo-gizon, ta saka nata ƙwan, ta rufe rami. Ƙwan ɓarauniya shi ke riga ƙyanƙyashewa, tsutsarsa ta fara cinye ƙwan mai gida, sannan ta zauna ta cinye gizo-gizon ita kaɗai. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi kenan.

Su Ceropales sun ɗan bambanta a ido. Ba su cika girma ba, jikinsu baƙi ne da ɗige ko zanen rawaya ko fari, ƙahonnin macen ba sa naɗewa, ƙafafunsu kuma ba su da manyan ƙayoyin tono, tunda ba tonon suke yi ba. Suna da 'yan'uwa na kusa da ake kira Irenangelus masu irin wannan hali. Wani rukunin kuma, Evagetes, nasa salon daban ne: sai an gama binnewa an tafi, ya bi ƙamshi ya tone ramin, ya cinye ƙwan da ya tarar, ya saka nasa, ya mayar da ƙasa.

Me ya sa muke ba ka wannan labari? Don ka ga cewa shi ma mafaraucin akwai mai taka masa burki. Gizo-gizo na cin ƙwari, zanzaro na cin gizo-gizo, ci-ma-zaune na rage zanzaro. Haka gona take, kowa da wanda ya fi ƙarfinsa, kuma babu wanda ya biya ko sisi.

Ina ake samun su?

In ka cire yankin ƙanƙarar nan na ƙarshen kudancin duniya, babu nahiyar da ba su. Sun fi yawa da girma a ƙasashe masu zafi irin namu. A Amurka ta Kudu da kudancin Amurka ta Arewa akwai Pepsis, wanda tsawonsa kan kai santimita 5, yana farautar manyan gizo-gizo masu gashi. Jihar Niyu Meziko ta Amurka ma ta ɗauki ɗaya daga cikinsu a matsayin ƙwaron jiha a 1989. A Afirka da Asiya da Ostireliya akwai takwaransa Hemipepsis, shi ma ƙato. A kudancin Afirka akwai wani mai jan fukafukai da ke shiga har cikin gidaje yana farautar babban gizo-gizon bango. Su Ceropales kusan ko'ina a duniya akwai su, har da nan Afirka, domin duk inda mafarauci yake, ɓarawo na biye. Irenangelus sun fi zama a ƙasashe masu zafi, Evagetes kuma sun fi yawa a arewacin duniya.

A wajenmu, nemi zanzaron gizo-gizo a wuri mai rana da ƙasa mai laushi: jigawa, bakin hanyar gona, gaɓar rafi, kan kunyar da ba a daɗe da taɓawa ba, gindin bishiya inda ganye ya taru. Ya fi fitowa da damina zuwa kaka, lokacin da gizo-gizo da furanni suka wadata, a fadama kuma har da rani.

To, aboki ne ko abokin gaba?

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: zanzaron gizo-gizo ba zai kashe maka tsutsar masara ba, ba zai taɓa sharon ba. Abin da yake kamawa ma abokinka ne, domin gizo-gizo na cikin manyan masu cin ƙwari. Wani nazari da masana biyu, Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer, suka fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa gizo-gizon duniya na cinye tan miliyan 400 zuwa 800 na abin farauta a kowace shekara, mafi yawansa ƙwari. Sai ka ce, ashe mai kashe gizo-gizo maƙiyina ne?

Tsaya tukuna. Ba ya cin ganye, ba ya huda kara, ba ya taɓa hatsi, ba ya shiga rumbu. Kowane ɗansa guda gizo-gizo ɗaya kacal yake buƙata, alhali uwar gizo-gizo ɗaya kan saka ƙwai da dama, wata har ɗaruruwa. Kuma ba ya zama inda babu abin farauta. Don haka ganin sa yana kai-komo a gonarka shaida ce cewa gizo-gizo na nan da yawa, ƙasar ba ta mutu da guba ba. In har ka ga su ci-ma-zaune, to lamarin ya ma fi haka kyau, domin su ba sa rayuwa sai inda mafarautan suka yi yawa.

Abin da ke share gizo-gizo daga gona ba zanzaro ba ne. Nazarin nan da muka ambata ya nuna cewa fiye da kashi 95 cikin 100 na wannan farauta a dazuzzuka da filayen ciyawa ake yin ta, gonaki ɗan kaɗan ne rabonsu, saboda yadda ake yawan dagula su. Huɗa, ƙona ciyawa, share gefen gona ƙal, da feshin maganin da ba ya zaɓe, su ne ke korar gizo-gizo. Famfo ɗaya na maganin kashe-duka zai hallaka gizo-gizon da zanzaro ɗari ba su kama ba.

An taɓa ganin ƙarshen wannan hanya a Indunusiya. Manoman shinkafa sun yi ta feshi, sai wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai tsotse ruwan karan shinkafa ya ƙara yawa maimakon ya ragu, gonaki suka riƙa bushewa kamar an sa musu wuta. Da aka bincika sai aka gano maganin yana kashe gizo-gizo da sauran masu cin ƙwaron, shi kuma yana saurin farfaɗowa. A 1986 gwamnatin ƙasar ta hana amfani da magungunan ƙwari iri 57 a gonakin shinkafa, daga baya aka buɗe makarantun manoma a cikin gona, inda manomi ke koyon tantance ƙwari da idonsa. Masu noman shinkafa a fadamun Kebbi da Jigawa da Kano, wannan darasin naku ne tun kafin ya zo.

Ga kuma misali a kusa da gida. A Jamhuriyar Nijar, masu bincike na cibiyar INRAN da ICRISAT da jami'ar Maraɗi sun daɗe suna aiki da wani ɗan mitsitsin dangin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, wanda ke shanye jikin tsutsar zangarniyar gero, wadda ake kira murzuna, ya saka mata ƙwai. Ana kiwon sa, a sa shi cikin ƙananan buhuna da ɗan gero da tsutsotsin da zai hayayyafa a kansu, a rataye a gonaki lokacin da gero ke fitar da kai. Har ƙungiyoyin manoma sun shiga harkar kiwon da sayarwa. Dabararsa ɗaya da ta zanzaron gizo-gizo, abin farautar ne ya bambanta. Manomin da ya saba kashe duk mai kama da zanzaro, ko mai feshi ba lissafi, irin wannan ma'aikacin yake kora.

Maganar harbi

Ba za mu ɓoye maka ba, harbin manyan yana da zafi sosai. Wani masanin ƙwari ɗan Amurka, Justin Schmidt, wanda ya jera zafin harbin ƙwari daga mataki na 1 zuwa na 4, ya sa Pepsis a mataki na 4. Sai dai zafin kan lafa cikin 'yan mintoci, kuma ba ya bin mutum. Macen ce kaɗai ke da ƙari, ita ma sai an kama ta ko an taka ta. Ka gargaɗi yara kada su sa hannu, ka sa takalmi in za ka shiga gona. In an yi harbi, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi. Amma in fuska ko leɓe ko maƙogwaro suka fara kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri ya kama mutum, a garzaya asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Abin yi a wannan damina

Kafin ka sayi magani, zagaya gonar. Tsaya wuri biyar daban-daban, a kowane wuri ka duba shuka goma, ka ƙirga nawa ne ke da ɓarna sabuwa, kuma wane ne ya yi ta. Ganin ƙwaro yana yawo ba dalilin feshi ba ne, ɓarna ce dalili.

In ba ka gane ƙwaro ba, ɗauki hotonsa da waya ka nuna wa malamin gona. Kada ka bar mai sayar da magani shi kaɗai ya yanke maka hukunci, shi kasuwarsa yake yi.

In feshin ya zama dole, yi shi a inda ɓarnar take kawai, da yamma lis lokacin da masu ziyartar fure suka ragu. Bi awon da ke jikin kwalba, kada ka gauraya magani biyu ko uku don wai ya fi ƙarfi, ka rufe hanci da jiki, ka kuma kiyaye kwanakin da aka ce a jira kafin girbi.

Bar ɗan zirin ciyawa mai fure a iyakar gona, kada ka fesa masa komai. Nan ne mafakar gizo-gizo, nan zanzaro da ƙudan zuma ke shan ruwan fure. Karan da ganyen da suka rage bayan girbi, a bar wani abu ya rufe ƙasa, a rage cinna wuta.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin manoma, wannan aikin ya fi sauƙi a taru a yi. Ku ware safiya ɗaya a mako ku shiga gonar ɗaya daga cikinku tare, kowa ya kawo ƙwaron da ya gani a cikin kwalba, a raba su gida uku: maɓarnata, masu taimako, da waɗanda ba ruwansu. Ku sa matasan da ke yi muku feshin haya a cikin zaman, tunda famfon a bayansu yake. Ku kuma daidaita tsakaninku, domin in kai ka bar gonarka ta huta da guba, maƙwabcinka yana feshi iska na kwasowa, an yi ba a yi ba kenan. Kuɗin da ƙungiya ta rage a magani, taki ne ko iri mai kyau a baɗi.

Saboda haka, gobe in ka ga baƙin nan mai dogayen ƙafafu yana jan gizo-gizonsa a tsakiyar kunya, ja da baya taku biyu ka ba shi hanya. In kana da ɗan lokaci ka tsuguna ka kalla, wataƙila ma ka ga ɓarauniyar tana biye da shi. Sannan ka tashi ka duba ganyen masararka da zangarniyar geronka, can ne za ka san ko akwai abin fesawa.

Allah ya ba mu damina mai albarka.